Mai Doki Da Mai Hawa: Tarihin Dokar Shiga Fagen Sukuwa

 Duk wanda ya halarci taronmu na bara zai tuna cewa da aka kawo shawarar shirya 'yar sukuwa domin ƙawata bikin shekara, tambaya ɗaya ce ta raba zauren gida biyu, wato wa zai hau? Wasu suka ce kowa ya hau dokinsa da kansa. Wasu kuwa suka ce mai doki yana da ikon ɗora duk wanda ya ga dama. Haka aka tashi ba a tsai da magana ba. Tun daga ranar nake bin diddigin al'amarin, sai na tarar ashe gardamar ta girmi kakanninmu, kuma ba mu kaɗai muka yi ta ba.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Muna aji uku, a hutun Babbar Sallah, aka yi wata sukuwa a wani fako bayan garin Ƙaura. Wani kili na wani attajiri ne ya zo na ɗaya, kuma wanda ya hau shi wani siririn yaro ne da ke yanka masa ciyawa. Na biyu wani dattijo ne manomi a kan dokinsa na kansa. Da aka miƙa wa attajirin kyauta, maroƙa suna ta zuba masa kirari, sai dattijon nan ya matso ya ce wa alƙalai, "Ni da dokina na zo, shi ko da yaro nai ya zo. Wa na yi tsere da shi?" Aka ba shi haƙuri, aka ce babu dokar da ta hana. Yaron kuwa ya kama ragama ya ja dokin zuwa gida, ba wanda ya tambayi sunansa. Ni ma ina cikin waɗanda suka tafa wa attajirin, sai da na girma na gane cewa mutum biyu aka ƙwara a ranar.

Idan muka koma baya, ƙasar nan tamu ta Zamfara ta san doki a fagen fama kafin ta san shi a fagen wasa. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 dawakin jama'ar Shehu kaɗan ne ƙwarai, alhali Gobirawa sun fito da 'yan lifidi, amma duk da haka jama'a ta yi nasara. Bayan nan dawaki suka yawaita a hannunsu, kuma Namoda, jarumin Alibawa wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka yi yaƙin da ya kai ga faɗuwar Alƙalawa a 1808. Gidan sarautar Zurmi ma daga wannan zuriya ta Alibawa ya fito.

To, a wancan zamani mai doki daban, mai hawa daban, kuma ba wanda yake ganin aibin haka. Sarki ko hakimi shi ke mallakar barga, shi ke raba wa barorinsa da bayinsa dawaki da kayan hawa, su kuma su fita da sunansa. Da yawa daga cikin 'yan lifidi bayin fada ne. Kowane aiki da mai shi: Madawaki shi ne shugaban mahaya, Shamaki ke kula da barga, zagi ke tafiya gaban doki, sannan ga yaran da ke kawo harawa da dusa da kanwa. Idan bara ya yi bajinta, ubangidansa ake yaba wa, shi kuma ya saka masa da riga ko doki. Wannan tsari ne hawan Sallah ya gada, inda kowane hakimi ke fitowa da tawagarsa a yi jafi gaban sarki. Ashe alƙalan Ƙaura ba su ƙirƙiro komai ba, tsohuwar al'ada suka bi. Matsalar ita ce al'adar ta hawa ce, ba a yi ta domin gasar da ake raba na ɗaya da na biyu ba.

Gasa mai rubutacciyar doka Turawa ne suka zo da ita. Sun kafa filayen sukuwa a Kano da Kaduna da Sakkwato da sauran manyan garuruwa. Dandalin Murtala na Kaduna ma filin sukuwa ne a da, kuma a nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956. A ƙasarsu sun daɗe da raba mahaya kashi biyu: akwai mai hawa don sha'awa, wanda ba ya karɓar lada, akwai kuma wanda hawan ne sana'arsa. A takardar tsere akan rubuta "Mista" gaban sunan na farko, a bar na biyu haka nan. Da jin wannan mutum ya san cewa maganar ta haɗa da matsayi, domin wanda ke iya kiwon doki ya hau ba lada, ai mai hali ne.

Inda abin ya fito fili shi ne wasannin Olamfik na Landan a 1948. A lokacin, gasar nuna horon doki ta hafsoshin soja ce da manyan mutane, ƙaramin soja ba ya shiga. Ƙasar Suwidin tana da wani gwanin mahayi mai suna Persson, amma saje ne. Sai aka ba shi muƙamin hafsa ana dab da wasa, suka je suka ci lambar zinariya, da aka dawo gida aka mai da shi matsayinsa na da. Asiri ya tonu, a 1949 aka ƙwace lambar aka ba Faransa. Ba wanda ya ce bai iya hawa ba, laifinsa kawai shi ne rashin muƙami. Abin ya zama abin kunya har aka sake dokar, kuma a wasannin 1952 aka buɗe wannan gasa ga ƙananan sojoji da farar hula da mata. Persson ya dawo ya ci zinariya tare da 'yan ƙasarsa a 1952, ya sake ci a 1956.

Duk da haka ba a watsar da rukunin 'yan sha'awa ba, sai dai an gyara ma'anarsa. A Amurka, alal misali, wanda zai shiga wannan rukuni a gasar dawaki sai ya kasance baligi da ba a biyansa don hawa ko horar da dokin wani ko koyar da hawa, kuma a wasu rukunan dole dokin ya zama nasa ko na danginsa na kusa. Manufar ita ce kada mutumin da ke zuwa barga bayan tashi daga aiki ya kara da wanda ke wuni bisa sirdi. Wannan dai ita ce ƙarar da dattijon Ƙaura ya kai, da a ce akwai mai saurare.

Akwai kuma wata hanya da maƙwabtanmu Katsinawa suka sani. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa ƙwallon dawaki, wato folo, a Katsina, kuma ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a wasan har wajen ƙasar nan. A folo kowane ɗan wasa yana da maki gwargwadon gwanintarsa, daga 2 ƙasa da sifili har zuwa 10. Ana haɗa makin mutum huɗu na kowace ƙungiya, ƙungiyar da ta gaza a ba ta rarar ƙwallo tun kafin a fara. Ta haka ɗan sarki da attajiri da wanda aka ɗauko haya suke wasa fili ɗaya, kowa da sunansa a takarda. A tseren zamani ma akan auna mahayi da sirdinsa, wanda bai kai nauyi ba a ƙara masa dalma.

Yau fa halin da muke ciki ya sa maganar ta fi da nauyi. Jirgin ƙasan da ya iso Ƙaura a 1929 da motocin da suka biyo shi sun raba doki da aikin tafiya, sai hawa da sukuwa suka rage masa. Rashin tsaro ya zo ya taɓa wannan ragowar. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe na wani lokaci a jihar nan, kuma wanda ya san kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ya san abin da hakan ya jawo wa masu dabbobi. Yankan ciyawa a daji ya zama kasada. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, mu kuwa namu yana hannun 'yan tsirarun mutanen da suka san ɗaurin sirdi da horon ɗan doki da maganin ciwon cikinsa. Mafi yawansu barori ne irin yaron nan. Idan suka bar sana'ar don ba ta da suna, mai kuɗi zai sayi doki ya rasa mai riƙe masa shi.

Saboda haka ga shawarata ga kwamiti. A yi rukuni biyu. Na farko na masu hawan dokinsu ko na gidansu, waɗanda ba su taɓa karɓar lada don hawa ba, kuma kada a yarda da dokin da aka "saya" ana gobe wasa. Na biyu a buɗe shi ga kowa, mai doki ya ɗora wanda ya so, amma a rubuta sunan mahayin, sanƙira ya kira shi, a ba shi kason kyautarsa a hannunsa gaban jama'a. Mai kula da dokin ma a rubuta sunansa, shi kaɗai zai riƙe linzami a wurin tashi, kuma kada a ɗora yaron da iyayensa ba su yarda ba. Wanda ke tsoron kada mai doki ya koma kuturi, ya kwantar da hankalinsa, kofin dai gidansa zai tafi.

Ina roƙon malamanmu na tarihi su gyara inda na yi kuskure, 'yan'uwa na Zurmi da Shinkafi kuma su zo taro mai zuwa da yadda iyayensu suke yi. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.