Maganin BCG na Kansar Mafitsara: Yaushe Ake Ɗaga Rana, Yaushe Ba a Ɗagawa?

BCG ita ce allurar rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, mai barin tabo a dantse. Faransawa biyu, Albert Calmette da Camille Guérin, suka samar da ita, aka fara amfani da ita a 1921. A 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna cewa idan aka ɗura ta cikin mafitsara ta robar fitsari, tana tayar da garkuwar jiki ta yaƙi kansa.

Wa ake yi wa?
Wanda kansarsa ke saman bangon mafitsara, ba ta kai tsoka ba, bayan an kankare ƙarin. A arewa sau da yawa tsargiya ce silar cutar, kuma irin wannan kansar ba ta jin BCG. Don haka fitsarin jini ba abin rainawa ba ne, ko sau ɗaya ne.

Jadawalin
Ana jiran aƙalla mako 2 bayan aiki, sai a ɗura sau ɗaya a mako har mako 6. Mutum kan riƙe maganin kusan awa 2. Daga nan sai zagayen ƙarfafawa, mako 3 a jere, a wata na 3, 6 da 12. Mai haɗari sosai kan ci gaba duk wata 6 har shekara 3.

Inda ake da sassauci
Likita da kansa zai ɗaga ranar idan akwai jini a fitsari, zazzaɓi, sanyin mafitsara, ko robar ta ji ciwo, don kada ƙwayar ta shiga jini. Wanda mako ya kuɓuce masa, ana matsar da shi gaba, ba a haɗa biyu rana ɗaya.

Inda babu sassauci
Rage yawan ɗurin. Wani bincike a Turai mai suna NIMBUS ya gwada ɗuri 9 a shekara maimakon 15, cutar ta fi dawowa ga waɗanda aka rage wa, har aka dakatar da gwajin.

Ga 'yan uwa matafiya
Mutumin Kagoro ko Kafanchan da ke harka a Agege ko Sabon Ibadan ya zaɓi wuri ɗaya: ko asibitin koyarwa na Legas ko Ibadan, ko na Jos ko Shika in gida zai zauna. Mako 6 ɗin farko ba na bin tirelar shanu ba ne. Tafiyar Sallah ko biki, a faɗa wa likita tun da wuri, a sa ta tsakanin zagaye. A kuma tambaya ko maganin zai isa, domin tun 2012 ake fama da ƙarancinsa a duniya. Zazzaɓi mai zafi bayan ɗuri, a garzaya asibiti, ba kemis ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.