Abincin mai jego da rage ƙiba bayan haihuwa

Ranar da mace ta sauka, nauyinta yakan ragu da kilo 5 zuwa 6 nan take, wato nauyin jariri da mabiyiya da ruwan da yake kwance a ciki. A makon farko wasu kilo 2 ko 3 suna bin fitsari da zufa su fita. Ita kuwa mahaifa sai ta ɗauki mako 6 kafin ta koma girmanta na da, lissafin da ya zo kusan daidai da arba'in ɗin da iyayenmu suka sani. Saboda haka cikin da ake gani ya turo ranar suna ba duka ne kitse ba, kuma babu dalilin tayar da hankali a kansa.

Abin da ya saura bayan wannan shi ne kitsen da jiki ya tara da gangan lokacin goyon ciki, tanadin da zai yi nono da shi. Ma'aunin da likitoci suka fi bi, wanda aka fitar a Amurka a 2009, ya ce mace mai matsakaicin jiki ta ƙaru da kilo 11 da rabi zuwa 16 a tsawon cikin, mai ƙiba sosai kuma kilo 5 zuwa 9. Yawancin mata sukan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda kafin su kusanci nauyinsu na da. Wasu kilo ɗaya ko biyu sukan zauna musu. Idan wani cikin ya shigo kafin su tafi, sai su taru, haihuwa bayan haihuwa, har mace ta kai shekara 35 gwiwa na ciwo, ga hawan jini ko ciwon sukari.

Wace ce ya kamata ta rage?

Ba kowace ba. A Nijar matsalar iri biyu ce, kuma sau da yawa a unguwa ɗaya ake samunsu. Akwai matan birni a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa da ƙiba ke damu, akwai kuma masu fita daga haihuwa a rame, jini ya yi ƙasa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya nuna kusan rabin matan ƙasar nan masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Irin wannan mace ƙarin abinci take buƙata, ba ragi ba.

Hanyar ganewa ita ce awon da ake kira IMC a asibitocinmu: a raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mace mai tsawon mita 1,60 da kilo 70, za a raba 70 da 2,56, a samu 27 da ɗan kai. Ƙasa da 18,5 rama ce, daga nan zuwa 25 daidai ne, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce da likita zai sa ido a kai. Akwai sikeli a CSI, kuma ranar kai yaro awo ko rigakafi uwa tana iya neman a auna ta ita ma.

Sai dai a faɗi gaskiya, a wajenmu an fi yaba wa mai jegon da ta cika ta yi ɓul-ɓul. Idan ta fito arba'in a rame, dangin miji ake zargi, ko a ce uwarta ba ta iya jego ba. Wannan ne ke kai wasu ga ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a tebur, irin su dexaméthasone. Wannan magani ne na cuta. Shan sa ba bisa umarnin likita ba yana kumbura fuska, ya ta da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi.

Shayarwa da lissafinta

Uwar da ke ba da nono zalla tana fitar da kusan kashi uku cikin huɗu na lita a kowace rana, kuma hakan yana cin kalori wajen 500. Wani kaso daga abinci yake zuwa, wani daga kitsen da aka tara. Shi ya sa shayarwa take taimaka wa mata da yawa su sauke nauyi, ko da yake ba duka ba: wata yunwar shayarwa ce ke sa ta ci fiye da abin da nonon ya cinye. OMS ta ce nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye.

Kada a fara maganar ragi kafin arba'in, kafin jiki ya warke nono ya zauna. Bayan nan, saurin da ya dace shi ne rabin kilo a mako, kilo 2 a wata. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2000 kan mata masu ƙiba da ke shayarwa ya nuna ragi irin wannan bai taɓa girman jariransu ba. Tsallake abinci ko wuni a kan ruwan lemun tsami kuwa jiri yake kawowa da kasala, yana iya rage nono, kuma da dare a rama abin da aka bari har da riba.

Kwanon jego

Abincin jego na gargajiya yana da abubuwa masu kyau ƙwarai. Farfesu, naman ragon suna, hanta, kunun hatsi, fura da nono, duk suna mayar da ƙarfi da jini. Inda ake samun matsala shi ne yawa da tsawon lokaci: an tsara shi ne don macen da za ta koma daka da ɗiban ruwa da gona, yau kuma mai shan sa tana iya zama ma'aikaciyar ofis da ke hawa kabu-kabu daga ƙofar gida.

Kunun kanwa yana buƙatar magana ta daban. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego Hausawa, suka danganta shi da kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya binciken Cénac da abokan aikinsa a Yamai ya gano ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jinin masu wannan ciwo, kuma binciken baya-bayan nan a Najeriya bai tabbatar da cewa al'adar ce tushensa ba. Amma abu ɗaya ba a jayayya a kansa: kanwa danginsu ɗaya da gishiri, tana riƙe ruwa a jiki, tana iya ta da hawan jini. Macen da aka ce mata jininta ya hau lokacin ciki, ko ƙafafunta suka kumbura, ta bar kunun kanwa, ta sha na hatsi ko na tsamiya. Gwaggo za ta yi faɗa. A bar ungozoma ta yi mata bayani, an fi jin maganarta.

Inda ƙibar take ɓuya

Tuwo ake yawan zargi, alhali ɓarnar ta fi yawa a abin sha da abin soyawa. Gwangwanin lemu na santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen gram 35, kusan ƙwaya 6 ko 7. OMS ta ce kada babba ya wuce gram 50 a wuni, in da hali ma 25. A haɗa da sukarin koko da safe, da madarar gwangwani mai zaƙi a shayi, da zoɓo da lemun citta na leda, da wanda aka zuba a fura, za a ga an ninka ma'aunin tun kafin la'asar. Cire lemun kwalba da raba sukarin koko biyu kaɗai yana sauke nauyi ba tare da an ji yunwa ba.

Cokalin mai babba guda ya kai kalori 120. Mai dafa shinkafa da wake ko dambu da ke tsiyaya mai kai tsaye daga bidon ba ta san nawa ta zuba ba. Awo da cokali ya fi. Fanke, ƙosai, soyayyar awara da burodi da mayonez ba haramun ba ne, amma kada su zama karin kumallon kullum. Gishiri kuma gram 5 ne a wuni, ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne. Daddawa da albasa da tafarnuwa suna rage buƙatarsa.

Abin da za a ƙara yana nan a kasuwa, ba tsada: zogala, rama, yakuwa, alayyafo, kabeji, karas, kuɓewa, kabewa, tumatir. Ma'aunin OMS gram 400 ne na ganye da ƴaƴan itace a wuni. A aikace, rabin kwano ganye, kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama. Kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli, wanda a Yamai ake ce wa kopto, ya fi duk wani abincin rage ƙiba na kanti, muddin ba a nutsar da shi cikin mai ba. Hatsi da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi farar shinkafa da taliya riƙe ciki. Wake yana ba da ƙarfen da jini ke buƙata. A bi shi da gwaba, mangwaro, lemun zaƙi ko garin ƴaƴan kuka don jiki ya fi ɗaukarsa, a kuma jinkirta shayi da awa ɗaya ko biyu, domin yana hana ɗaukar ƙarfen. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba da a asibiti a ci gaba da sha mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa. Ba sa sa ƙiba.

Uwa mai hidima

Dokar aiki ta Nijar ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, da kuma awa guda a kowace ranar aiki don shayarwa har yaro ya shekara. Mai sana'ar gida da ƴar kasuwa ba su da wannan, da an yi arba'in sun koma. Ko ta ina, uwa ce ke ci a ƙarshe, a tsaye, abin da ya samu.

Dabarun da ke aiki ƙanana ne. A dafa wake da yawa ko a tafasa ƙwai tun da dare. A ajiye busasshiyar zogala da gujiya a gida, a sa ayaba ko dabino biyu uku a jaka, don kada yunwar ƙarfe 11 ta kai mutum wajen mai fanke. Idan ana ci a kwano ɗaya da yara, uwa ta ɗebi nata a faranti, ta san abin da ta ci, kuma ta daina share ragowar yara don gudun ɓarna. Ruwa a sha duk lokacin da aka zauna ba da nono, musamman a watannin Afrilu da Mayu. Ba sai an girka tukunya biyu ba. Abincin da ya dace da ita ya dace da gidan duka. A nan maigida yana da hannu dumu-dumu, tunda a gidaje da yawa shi ne mai cefane. Tsarabar dare ta koma kankana ko gasasshen kifi maimakon lemun kwalba, kuma ya ɗauki yaro awa guda ta yi barci, don ƙarancin barci yana ƙara kwaɗayin zaƙi.

Motsa jiki da ɗaure ciki

OMS ta ba mai jego shawarar minti 150 a mako na motsi matsakaici, a kai gare shi sannu a hankali. Minti 10 sau uku a wuni ya wadatar: tafiya da goyo bayan asuba ko da yamma, raka yara lakwal, sauka daga abin hawa kafin a iso. Wadda aka yi wa aiki ta jira izinin likita kafin ɗaukar kaya mai nauyi. Matse tsokar ƙasa, kamar mai riƙe fitsari, na daƙiƙa kaɗan sau 10, sau uku a wuni, yana maganin ɗigar fitsari lokacin tari ko dariya.

Ɗaure ciki da zane yana tallafar baya, yana sa a ji daɗin tafiya, amma ba ya narkar da kitse. Idan ciki yana tasowa a tsakiya kamar kunya lokacin tashi daga kwance, tsokokin ne suka rabu. A nuna wa ungozoma kafin a fara motsin lanƙwasa ciki.

Shayin rage ƙiba da ake talla a WhatsApp da TikTok, da yawansa ganyen sa zawo ne irin filasko, ko mai sa fitsari. Ruwa yake fitarwa, sikeli ya sauka yau ya hau jibi, kuma ba a san abin da ke ratsawa cikin nono ba.

Lokacin zuwa asibiti

Nauyin da ya hau cikin kwana biyu uku tare da kumburin ƙafa ko fuska, da haki, da kasa kwanciya sai an tada kai, ba ƙiba ba ne. Yana iya zama zuciya, kuma a tafi a ranar. Haka ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, zubar jini mai yawa, ko zazzaɓi. Ramar da ba a nema ba tare da bugun zuciya da zufa, ko ƙiba da jin sanyi da kasala, suna iya fitowa daga maƙoƙo. Baƙin cikin da ya wuce mako 2, ana kuka ba dalili, abinci ya fita rai ko a ci ba ƙoshi, shi ma ciwo ne mai magani.

Ko lafiya lau ake, OMS ta tsara duba mai jego sau 4: cikin awa 24 na farko, rana ta 3, tsakanin kwana 7 da 14, sai mako na 6. Wadda ta yi ciwon sukari na ciki a sake auna ta tsakanin mako 4 da 12. A zuwan mako na 6 ne ake maganar tazara, wadda shawarar ita ce wata 24 kafin sabon ciki. Allurar wata 3 takan ƙara wa wasu mata nauyi. Wadda hakan ya dama ta faɗa wa ungozoma, akwai wasu hanyoyin.