Tsoron Musabaha: Yadda Jita-jitar Satar Mazakuta Ta Samu Ƙafafu

A watan Oktoba na 2023, muna zaune a teburin mai shayi a Malali bayan sallar isha'i, sai wani baƙo ya tsaya da jaka a kafaɗa, ya yi sallama, yana tambayar hanyar Unguwar Rimi. Ya miƙo hannu. Mu biyar ne a kan benci, ba wanda ya karɓa. Wani dattijo da na sani da son baƙi ya cusa hannayensa cikin aljihun riga, ya yi masa kwatance da haɓa. Baƙon ya janye hannunsa a hankali ya wuce. Har yau abin yana yi mini nauyi a rai, domin ni ma ban miƙa nawa ba.

A wancan lokacin wayoyinmu cike suke da bidiyon mutanen da ake lakaɗa wa duka a Abuja da Nasarawa da Kogi, wai sun sace mazakutar wani ta hanyar gaisawa ko gogar kafaɗa. Matasa da yawa sun ɗauka sabuwar masifa ce ta ƙarshen zamani. Alhali ta girmi akasarinsu, kuma ɗaya daga cikin labaranta na farko da aka rubuta a nan Kaduna ya faru.

A 1975, Dakta Sunday Ilechukwu, likitan da ya ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwa, yana aiki a Kaduna, sai ɗan sanda ya shigo masa da mutum biyu. Ɗaya yana zargin ɗayan da ɓatar masa da gaba, har jama'a sun taru a titi. Likita ya duba mai ƙorafin, ya tarar komai yana nan. Duk tsawon gwajin mutumin bai ko sunkuya ya kalli jikinsa ba. Sai da aka ce masa lafiyarsa lau sannan ya duba, ya ce ai yanzu ne aka maido masa. Wannan amsar ita ce ran jita-jitar har gobe. In an ga abu a wurinsa, sai a ce ɓarawo ya ji tsoron duka ya mayar, ko kuwa ya mayar da wanda ba ya aiki. Likitoci kuwa sun san firgici kaɗai, kamar sanyi, yana sa gaban namiji ya tsuke na ɗan lokaci. Wanda ya kwana da labarin a ransa, baƙo ya goge shi a kasuwa, gabansa ya faɗi, ya lalluba ya ji ba kamar kullum ba, to ihun da zai yi ba na ƙarya ba ne a wurinsa.

A wancan zamani labari irin wannan ba ya nisa. Jaridu kaɗan ne, rediyo da talabijin duk na gwamnati. Da abin ya sake ɓarkewa a Legas a 1990, birni mai jaridu barkatai, sai ya kai maza suna tafiya hannu a aljihu suna riƙe da kansu, mata kuma sun rungume ƙirji. Daga nan ƙofa ta buɗe: a 1992 Najeriya ta halatta gidajen rediyo masu zaman kansu, ƙasashe rainon Faransa ma suka cika da ƙananan jaridu masu rige-rigen kanun labari mai zafi. Tsakanin 1996 da 1997 jita-jitar ta ratsa Kamaru, Ghana, Kwaddibuwa har Senegal. A Ghana, cikin Janairun 1997, an kashe aƙalla mutum 7. A Khartum a 2003 saƙon tes ne ya yi mata dako. A Kinshasa a 2008 kuwa, shirye-shiryen rediyo na kiran waya ne suka riƙa gargaɗin jama'a su yi hattara da fasinja mai zoben zinare a tasi, har 'yan sanda suka tsare mutum 13 da ake zargi.

Wani masani Bafaranshe, Julien Bonhomme, ya bi diddigin lamarin a ƙasashen Afirka kusan 20 ta cikin shafukan jaridu, ya fitar da littafi a 2009. Abin da ya gano ya kamata ya tsaya wa kowane Bahaushe a rai: a wurare da dama a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, Hausawa ne ake fara nunawa da yatsa. Ɗan kasuwa ne, baƙo ne, ga babbar riga, ga laya, ga yawan miƙa hannu. Gaisuwar da aka raine shi a kanta ita ke jawo masa sanda da dutse. Jarida kuma ta buga cewa an kama Bahaushe, sai gari na gaba ya san wanda zai nema.

Ba na cewa 'yan jarida ne suka ƙirƙiro tsoron. Laifinsu a wurina shi ne rabon fili. Ranar duka akwai hoto, akwai jini, akwai shaidu, sai a sa a shafin farko da ɗan “wai” a gaba don wanke kai. Sakamakon asibiti yana fitowa bayan kwana biyu, ba hoto ba hayaniya, sai a tura shi lungu ko a manta. Mai karatu ya ga zargi sau goma, bai ga wankewa ko sau ɗaya ba. Kuma an ga akasin haka: a Singafo a 1967, ɗaruruwan maza sun ruga asibiti bayan jaridu sun yaɗa cewa naman aladen da aka yi wa rigakafi yana shanye gaba. Da likitoci da ma'aikatar lafiya suka fito a talabijin da jaridun nan dai suka yi bayani dalla-dalla, cikin 'yan kwanaki layin ya ragu.

A 2023 rundunar 'yan sandan Abuja ta gurfanar da gomman mutane a kotu bisa ƙarar ƙarya, bayan likitoci sun duba masu ƙorafi sun same su lafiya. Bidiyon duka ya shigo zauren WhatsApp na layinmu ya fi a ƙirga. Labarin kotun kuwa a jarida na tsince shi, na tura zauren da kaina. Mutum ɗaya ne ya amsa, ya rubuta: “Allah dai ya tsare.”