Miyar da ta ci sunan wani gari a Faransa

1/ Idan ka shiga gidan abinci a Faransa ka ga an rubuta crème Argenteuil, to miyar asfaragus ce mai kirim. Sunan nan fa na gari ne, ba na wani kuku ba. Ku biyo ni.

2/ Argenteuil na bakin kogin Seine, dab da Paris. Da can inabi suka fi nomawa, asfaragus kuwa a tsakanin kuyoyin inabin ake dasa shi. Wajen 1860 wani manomi, Louis Lhérault, ya fitar da iri mai kauri, mai fitowa da wuri. Kasuwannin Paris suka yi caa a kansa.

3/ Ni dai abin da ya burge ni, miyar ba ta yarda da asara. Kan tsiron mai laushi a ajiye gefe. Karan mai tauri a dafa da man shanu da ɗan fulawa, a markaɗa, a tace, a zuba kirim, sannan a watsa kawunan a sama.

4/ A ƙarni na 20 masana'antu da gidaje suka cinye gonakin. Yau Argenteuil birni ne mai mutum sama da dubu 100, irin nasu kuma a wasu wuraren ake shuka shi.