Adireshin IP

adireshin IP *suna, namiji; jam'i:* adiresoshin IP. Lambar da ake ba na'ura idan ta hau intanet, domin saƙo ya san inda zai sauka. A tsarin IPv4 lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Adireshin iri biyu ne:

1. mai canzawa: wanda kamfanin intanet ke ba gida aro na ɗan lokaci, galibi ta tsarin DHCP. Idan wa'adin ya cika, ko aka ɗauke wuta na'urar intanet ta gidan ta mutu, tana iya tashi da wata lambar dabam. Shi ake ba yawancin gidaje, don kuwa adiresoshin IPv4 kimanin biliyan 4.3 ne kacal, kuma hukumar IANA ta rabar da na ƙarshen da ke hannunta a Fabrairun 2011. Ƙarancin ya kai har wasu kamfanoni kan haɗa gidaje da yawa a lamba ɗaya. Mai kallon bidiyo da hira a WhatsApp ba zai ma lura ba.

2. tsayayye: wanda aka keɓe wa layi ɗaya, ba ya canzawa, kuma sau da yawa sai an ƙara kuɗi. Yana amfanar mai son leƙa kyamarar gidansa daga nesa, ko mai sabar kansa. *Misali: Sai da muka sayi adireshi tsayayye kafin Alhaji ya iya ganin shagon daga Makka.* Ba ya ƙara wa intanet sauri ko kaɗan. Wanda ba shi da abin da za a nema daga waje, ya riƙe kuɗinsa.