AMSOSHIN TAKARDUNKU: Tarihin Gasar Tanis Ta Jar Ƙasa A Faransa

A wannan mako takardu biyu muka haɗa wuri guda, domin kusan abu ɗaya suke tambaya.

Ta farko daga wani Alhaji ne mai sayar da hatsi. Ya ce duk shekara in watan Mayu ya kama, samarin da ke zama a bakin rumfarsa ba su da zance sai na wata gasar ƙwallon tanis da ake yi a Faransa a kan jar ƙasa, kowa na rantsuwa gwaninsa ne zai ɗauki kofi. Abin da ya fi damunsa shi ne ɗansa ya fara zuba kuɗi ta waya a kan wannan hasashe, yana cewa wai wanda ke lamba ɗaya a duniya ba ya faɗuwa. Shi ne yake son a ba shi tarihin gasar, a kuma gaya masa ko maganar yaron gaskiya ce. Ta biyu kuwa daga wani manomi ne a wajen Garwa ta ƙasar Kamaru, yana tambaya ko da gaske ne wani ɗan asalin ƙasarsu ya taɓa cin wannan kofi.

To Alhaji, mun gode da takardarka. Gyara zama ka sha labari.

Ita dai wannan gasa Turawan Ingila na kiranta French Open, su kuwa Faransawa suna ce mata Roland Garros. Tana ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu na tanis a duniya. Sauran ukun su ne ta Ostireliya, da ta Wimbledon a Ingila, da ta Amurka. Ta Wimbledon a kan ciyawa ake yinta, biyun kuma a kan daɓe mai tauri. Ta Faransa ce kaɗai ake yi a kan jar ƙasa. Ana farawa a ƙarshen watan Mayu a gama a farkon Yuni, watau daidai lokacin da mu nan ake duban gabas ana jiran ruwan shuka. Maza 128 ke shiga, mata ma 128, kuma wanda aka ka da shi sau ɗaya ya tafi gida ke nan. Kafin mutum ya ɗaga kofi sai ya ka da mutum bakwai a jere.

An soma ta a cikin shekarar 1891, amma a wancan lokaci sai 'yan kulob-kulob na Faransa kaɗai ke shiga. Abin dariya, wanda ya fara cinyewa wani Baturen Ingila ne mazaunin birnin Faris mai suna Briggs. An sa mata a ciki a 1897, sa'an nan a 1925 aka buɗe ƙofa ga 'yan wasan sauran ƙasashe. A 1927 wasu Faransawa huɗu, watau Lacoste da Cochet da Borotra da Brugnon, suka je har Amurka suka ƙwato Kofin Davis, wanda ƙasa da ƙasa ke karawa a kansa. Da ya zama wajibi su kare kofin a gida, sai aka gina musu sabon fili a Faris a 1928.

Shi kuwa Roland Garros da aka sa wa filin sunansa, ba da tanis ya yi suna ba. Matuƙin jirgin sama ne. A watan Satumba na 1913 shi ne ya fara ƙetare Bahar Rum a jirgi ba tare da ya sauka ba, ya tashi daga kudancin Faransa ya dira a Bizerte ta ƙasar Tunisiya. An harbo jirginsa ya mutu a watan Oktoba na 1918, ana saura 'yan makonni a gama Yaƙin Duniya na Ɗaya. Har ila yau, a wannan fili ne a 1968 aka fara barin masu wasa don kuɗi su shiga ɗaya daga manyan gasar nan huɗu, domin kafin nan sai masu yi don sha'awa kaɗai.

Yanzu bari mu zo kan ƙasar kanta, domin na san manoma za su so su ji. Wannan ja da kuke gani a talabijin ba yumɓu ba ne irin na fadama. Jan bulo ne gasasshe aka niƙe ya zama gari, aka barbaɗa a sama, kaurinsa bai wuce milimita biyu ba. A ƙarƙashinsa akwai dakakken farin dutse irin wanda ake yin farar ƙasa da shi, a ƙarƙashin wannan akwai ragowar ƙonannen kwal, sa'an nan tsakuwa, don ruwa ya riƙa tsanewa. Kullum ana yayyafa masa ruwa ana share shi, kamar yadda mai lambu ke kula da fangalinsa.

To mene ne ruwan wannan da hasashe? Ruwansa babba ne. In ƙwallo ta faɗi a kan ciyawa sai ta sulale da sauri, saboda haka mai ƙarfin bugu yakan gama da abokin karawarsa nan da nan. A kan jar ƙasa kuwa, garin bulon nan sai ya riƙe ƙwallon, ya rage mata gudu, ta yi tsalle sama. Bugun da ya isa ya kashe wasa a Wimbledon, a Faris sai a maido maka da shi, ka sake bugawa a sake maidowa. Ga shi kuma maza turmi biyar ake ɗibar musu, wanda ya fara cin uku shi ya yi nasara. Sai ka ga mutum biyu sun shafe awa huɗu ko biyar cikin rana. Ashe nan wurin mai haƙuri ne da mai dogon numfashi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wannan ne dalilin da ya sa wasu manyan zakaru suka gama rayuwarsu ta wasa ba su taɓa kofin nan ba. Pete Sampras na Amurka ya ci manyan kofuna 14, ya daɗe yana lamba ɗaya, amma a Faris bai taɓa kai wa wasan ƙarshe ba. Boris Becker na Jamus bai ci ba, Stefan Edberg na Suwidin bai ci ba, Jimmy Connors ma haka. John McEnroe a 1984 ya ci turmi biyu na farko a wasan ƙarshe, 'yan kallo sun soma yi masa barka a zuci, sai Ivan Lendl ya juyo ya cinye ukun da suka rage.

Shi kansa Lendl ɗin ya ɗanɗana kuɗarsa a 1989. A lokacin shi ne lamba ɗaya, ya ci kofin sau uku. Aka haɗa shi a zagaye na huɗu da wani yaro ɗan shekara 17, Michael Chang, Ba'amurke ɗan asalin Sin. Lendl ya ci turmi biyu. Yaro ya rama biyu, amma jijiyoyin ƙafarsa suka ɗaure har tsayuwa na neman gagararsa. Da ya ga ƙarfi ya ƙare sai ya koma dabara: ya riƙa cilla ƙwallo sama-sama don ya sami sararin numfashi, har a wani wuri ya buɗe wasa da bugu daga ƙasa kamar na ɗan koyo, abin da ya rikita Lendl. Yaron nan ya ci, ya kuma wuce ya doke Edberg a wasan ƙarshe. Har yau ba a sami namijin da ya ci babban kofi da ƙarancin shekaru kamarsa ba. A wannan shekara dai, wata 'yar Sifen mai shekara 17, Arantxa Sanchez, ta ka da Steffi Graf ta Jamus, wadda ta zo da manyan kofuna biyar a jere.

A 1997 wani ɗan Birazil, Gustavo Kuerten, ya iso Faris yana lamba 66 a duniya, ba wanda ya sa shi a lissafi. Ya ka da tsofaffin zakarun gasar har uku, Muster da Kafelnikov da Bruguera, ya tafi da kofi. A 2017 Jelena Ostapenko ta ƙasar Latbiya tana lamba 47, ba ta taɓa cin ko ƙaramin kofi na manyan 'yan wasa ba, sai ga ta da wannan. A 2020, shekarar da annobar korona ta sa aka ɗage gasar zuwa ƙarshen Satumba, Iga Swiatek ta Folan tana lamba 54 ta cinye ba tare da an ci ta ko turmi ɗaya ba.

Amma fa kada in yi wa ɗanka rashin adalci, Alhaji. Akwai zamanin da hasashe ke ci. Bjorn Borg na Suwidin ya ɗauki kofin sau 6 tsakanin 1974 da 1981. A ɓangaren mata Chris Evert ta Amurka ta ɗauka sau 7. Sa'an nan ga uban gayya, Rafael Nadal na Sifen, ɗan bahago, wanda ya fara ci a 2005 yana da shekara 19, ya yi ta ci har sau 14, na ƙarshe a 2022. Wasa 112 ya ci a filin nan, sau 4 kacal aka ka da shi, kuma duk ranar da ya kai wasan ƙarshe bai taɓa faɗuwa ba. Da ya yi ritaya, a 2025 aka kafa wani ɗan allo mai ɗauke da sawun ƙafarsa a cikin babban filin.

To amma ko shi ɗin, dubi abin da ya faru a 2009. Ya zo ya ci kofi huɗu a jere, wasa 31 ba a taɓa ka da shi a Faris ba, kuma shi ne lamba ɗaya. Da za a tara masu hasashen duniya a ranar, da wuya a sami wanda zai ce Robin Soderling na Suwidin zai yi masa wani abu. Sai ga shi Soderling ya fitar da shi a zagaye na huɗu. Da bango ya tsage, Roger Federer, wanda Nadal ya hana wa kofin a wasan ƙarshe shekara uku a jere, ya sami wurin shiga ya ci, kuma sau ɗayan nan ke nan a rayuwarsa. A 2016 kuma ba wanda ya doke Nadal, ciwon wuyan hannu ne ya sa ya janye ana tsakiyar gasa. Wanda ya zuba kuɗi a kansa a waɗannan shekaru biyu, me zai ce?

Na baya-bayan nan da zan kawo shi ne na 2025, wanda ya dace da maganar ɗanka daidai wa daida. A wasan ƙarshe na maza, Jannik Sinner na Italiya ne lamba ɗaya. Ya ci turmi biyu na farko, har ya kai inda maki ɗaya kawai yake nema ya ɗaga kofi, ya sami wannan dama har sau uku. Carlos Alcaraz na Sifen ya tare duka ukun, ya juya wasan ya ci, bayan awa 5 da minti 29. A ɓangaren mata ma lamba ɗaya, Aryna Sabalenka, ta ci turmin farko, amma Coco Gauff ta Amurka ce ta tafi da kofi. Ka ga lamba ɗaya biyu sun faɗi a cikin kwana biyu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sai kai kuma Malam na wajen Garwa. E, gaskiya ne abin da ka ji. Sunansa Yannick Noah. An haife shi a Faransa a 1960, mahaifinsa Zacharie Noah ɗan Kamaru ne da ya buga ƙwallon ƙafa a can, mahaifiyarsa kuwa Bafaranshiya ce. A Yawunde ya tashi. A 1971 shahararren baƙar fatan nan na Amurka, Arthur Ashe, ya kawo ziyara Afirka, ya ga yaron yana da shekara 11 yana bugu, ya yi magana aka kai shi Faransa horo. A 1983 Noah ya doke Mats Wilander, wanda ke riƙe da kofin, turmi uku ba ko ɗaya, ya ruga ya rungume mahaifinsa a cikin fili. Sai dai da tutar Faransa ya yi wasa. Kafin shi, rabon da namiji Bafaranshe ya ci tun 1946, kuma daga shi har zuwa gasar 2025 ba a sake samun wani ba, duk da kowace shekara 'yan kallon gida na cika fili da fata. Kazalika a wannan gasa ce a 1956 Althea Gibson ta Amurka ta zama baƙar fata ta farko da ta ci babban kofin tanis.

To Alhaji, ga abin da za ka gaya wa yaro. Lambar nan da yake taƙama da ita jimillar makin da mutum ya tara ne cikin shekara guda a kan kowane irin fili, ba na jar ƙasa kaɗai ba. Masu hasashe da hankali sukan dubi yadda mutum ya yi a gasar Monte Carlo da Madrid da Rum, waɗanda ake yi a kan irin wannan ƙasa a Afrilu da Mayu. Sukan dubi lafiyar jikinsa, da waɗanda ƙuri'a ta jera masa a hanya, har da yanayin gari, domin in rana ta buɗe ƙwallo takan yi tsalle da sauri, in kuwa an yi yayyafi sai ta yi nauyi. Duk da haka, bayan an gama wannan lissafi, ga Chang, ga Kuerten, ga Soderling. Kai da ke sayen hatsi da kaka ka ajiye, ka fi ni sanin cewa wanda ya ce ya san farashin bazara tabbas, bakinsa kawai yake ji.

Gardama a bakin rumfa ba laifi, nishaɗi ce, a bar samari su yi abinsu. Amma zuba kuɗi a kai caca ce, kuma masu karɓar kuɗin sun riga sun tsara lissafinsu yadda riba za ta zauna a wajensu ko wa ya ci. Ka zaunar da shi cikin lumana, ka karanta masa shekarun nan ɗaya bayan ɗaya, ka ce ya nuna maka wadda da ya ci a cikinsu. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu damina mai albarka.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A ci gaba da aiko da takardu, a kuma riƙa rubuta tambaya ɗaya a kowace takarda yadda za ta karantu. Ku huta lafiya.