Yaƙin 1812: Wa Ya Yi Asara?

Sau da yawa akan ce yaƙin da aka gwabza tsakanin Amurka da Ingila daga 1812 zuwa 1815 kunnen doki aka tashi. A ganina wannan hukunci bai cika ba, domin ya manta da ɓangare na uku, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a nahiyar.

A teku wutar ta fara ruruwa. Ingila tana fafatawa da Faransa a zamanin Napoleon, sai ta kafa dokoki a 1807 da suka takura wa jiragen kasuwancin Amurka. Mayaƙan ruwanta kuma suka riƙa tare jiragen suna kwashe ma'aikatansu, suna sa su aikin soja dole, bisa hujjar cewa talakawan Sarkin Ingila ne da suka tsere. A kan tudu kuwa, Amurkawa masu neman gonaki suna ta kutsawa yamma, inda Tecumseh, jagora daga ƙabilar Shawnee, yake haɗa kan ƙabilu don su kare ƙasarsu. Amurkawa suka zargi Ingila da ba shi makamai ta Kanada. Ranar 18 ga Yuni, 1812, Shugaba James Madison ya sa hannu a kan shelar yaƙi.

Babu wanda ya kayar da wani. Yunƙurin Amurka na mamaye Kanada ya ci tura, Ingilawa kuma suka cinna wa fadar shugaban ƙasa wuta a Washington cikin Agustan 1814. Sulhun da aka ƙulla a birnin Ghent ranar 24 ga Disamban 1814 ya mayar da kowa kan iyakarsa ta dā, bai ko ambaci kwasar ma'aikatan jirage ba.

Ƙabilun nan kuwa ba su sami komawa inda suke ba. An kashe Tecumseh a fagen daga cikin Oktoban 1813 yana yaƙi tare da Ingilawa, haɗakarsa ta watse. A Ghent, wakilan Ingila sun fara neman a keɓe wa abokan nasu yanki na kansu, daga baya suka janye buƙatar. A kudu, Janar Andrew Jackson ya tilasta wa ƙabilar Creek sallama kimanin eka miliyan 23 a 1814. Nasarar da ya yi a kan Ingilawa a New Orleans cikin Janairun 1815 ta ɗaukaka sunansa har ya kai ga shugabancin ƙasa, kuma shi ne ya sa hannu a kan dokar 1830 ta kwashe ƙabilun zuwa yammacin Kogin Mississippi.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amurka ta fita da alfahari, Ingila ta tsira da Kanada, su kuwa waɗanda suka jingina da alkawarin babbar daula ba a ma gayyace su teburin sulhu ba. Shi ya sa nake ganin kalmar kunnen doki gaskiya ce kawai ga waɗanda suka rubuta yarjejeniyar.